Me Ya Sa Tiramadol, Kodin da Danginsu Ke Kawo Kasala da Mutuwar Jiki?

A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Indiya ta haramta haɗawa da fitar da wata ƙwaya mai ɗauke da sinadarai biyu, tafentadol da karisofurodol, bayan wani binciken BBC ya nuna yadda ake antayo ta zuwa Najeriya da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma. Kafin nan, a watan Mayun 2018, gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Duk lokacin da irin wannan labari ya fito, hankali kan koma kan kame da kwantenonin da ake tarewa a tashoshin jiragen ruwa na Apapa da Tin Can a Legas. Abin da ba a cika yin bayani a kansa ba shi ne tambayar da masu shan maganin da iyalansu ke yi a Agege, Mile 12, Idi-Araba da Alaba Rago: tunda an sha maganin ne don ciwo ya lafa ko a iya jure aiki, me ya sa mutum ke wayar gari jiki a mace, kamar zazzaɓi zai kama shi?

Tambayar ta shafi mutane kashi biyu. Akwai majinyacin da likita ya rubuta wa maganin, kamar mai sikila, mai ciwon daji, ko wanda aka yi wa aiki. Akwai kuma mai aikin ƙarfi da ya fara sha da kansa: ɗan dako a kasuwar Mile 12, direban tirela da ke kwana a layi a Apapa, ɗan acaba, mai gadin dare. Binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 a Najeriya sun sha irin waɗannan magunguna ba bisa umarnin likita ba a shekarar da ta gabaci binciken, akasari tiramadol. Dalilan gajiyar ɗaya ne ga kashin biyu, sai dai gajiyar kanta ba iri ɗaya ba ce. Wata tana nufin maganin ya yi yawa a jini, wata tana nufin ya ragu, wata kuma illa ce da ta taru cikin watanni. Abin da zai gyara ɗaya yana iya ƙara ɓata ɗayar.

Waɗanne magunguna ake nufi

Ofiyoyid suna ne na dangin magungunan da ke aiki a kan wasu wurare na musamman a ƙwaƙwalwa, laka da hanji. Mofin da kodin daga tsiron ofiyom ake samun su. Tiramadol, tafentadol, fetidin, fentanil da allurar fentazosin da aka fi sani da penta, a masana'anta ake haɗa su. Farasitamol, ibufurofen da dikilofenak ba sa cikin wannan dangi.

Abubuwa uku ake yawan cakuɗawa. Sabo shi ne adadin da ya yi aiki a watan jiya ya daina isa a wannan watan. Dogaro shi ne jiki ya daidaita kansa da maganin har ya riƙa rikicewa idan babu shi, kuma wannan yana samun duk wanda ya sha kullum na 'yan makonni, ko da bai taɓa ƙetare umarnin likita ba. Jaraba kuwa ita ce mutum ya kasa riƙe kansa, ya ci gaba da sha alhali yana ganin ɓarnar da ake yi wa lafiyarsa da aljihunsa da iyalinsa. Mai ciwon daji da ke kan mofin wata uku yana da dogaro, ba lallai ne yana da jaraba ba.

Tiramadol mai miligiram 50 da 100 ne hukumar NAFDAC ta amince da shi. Wanda ke yawo a hannun masu talla kuwa yakan zo da 200, 225 ko 250. Iyakar abin da ake ba babban mutum mai lafiyayyar ƙoda da hanta shi ne miligiram 400 a awa 24, a rarrabe. Ƙwaya biyu ta 225 sun kai 450, wato an wuce iyakar yini tun da safe. Kuma abin da aka rubuta a jikin kati ba lallai ne shi ne ke ciki ba. Karisofurodol ɗin da ake gaurayawa a wasu ƙwayoyin maganin sassauta tsoka ne mai sa barci, ga shi shi ma yana da nasa kamun.

Lokacin da gajiyar ke zuwa

Tambayar da ta fi amfani ba “yaya jikin?” ba ce, “ƙarfe nawa kasalar ke farawa, kuma ƙarfe nawa aka sha na ƙarshe?” ce. Kafson tiramadol na yau da kullum yana fara aiki cikin awa ɗaya, ya kai ƙololuwa a jini wajen awa biyu zuwa uku, sannan ƙarfinsa ya riƙa raguwa bayan awa huɗu zuwa shida. Kasalar da ke saukowa awa ɗaya zuwa uku bayan sha tana nuna yawan maganin ne. Wadda ke zuwa bayan an jima ba a sha ba, musamman da asuba, kuma ta wuce da zarar an sake sha, tana nuna raguwarsa. Wadda ke nan daram safe da yamma, a sha ko kada a sha, sai a nemi dalilinta a wani wurin: barci, sinadaran jiki, jini, ko wata cuta dabam.

Kafin a je asibiti yana da kyau a rubuta a takarda na kwana uku: lokacin sha, adadin miligiram, duk wani abin da aka haɗa da shi, da lokacin da jiki ya mutu. A tafi da katin maganin kansa, ba sunansa kawai ba.

Idan maganin ya yi yawa a jini

Gyangyaɗi, jiri da tashin zuciya abu ne da aka saba gani a kwanakin farko na fara maganin ko ƙara adadinsa, kuma yawanci sukan lafa cikin mako guda. Idan ba su lafa ba, ko suka dawo ga wanda ya daɗe a kan adadi ɗaya, to wani abu ya canza.

Mafi yawanci haɗi ne. Giya, diyazefam, Rohypnol, firegabalin, furometazin, har da Piriton da magungunan mura masu sa barci, kowannensu yana danne ƙwaƙwalwa ta tasa hanyar, idan suka haɗu da ofiyoyid kuma sai numfashi ya yi ƙasa fiye da yadda kowane ɗaya zai yi shi kaɗai. Na biyu shi ne ƙoda. Ta fitsari ragowar mofin da tiramadol ke fita, don haka mai ciwon ƙoda, tsoho, ko wanda ya yini yana aiki cikin zafin Legas ba tare da isasshen ruwa ba, maganin yakan taru masa ko da bai ƙara ko ƙwaya ɗaya ba. Na uku gadon halitta ne: hanta ce ke juya kodin ya zama mofin, kuma akwai mutanen da tasu ke yin wannan aiki da sauri fiye da kima, wasu kuma da ƙyar take yi. Shi ya sa cokali ɗaya ke kwantar da wani, abokinsa kuma ya ce bai ji komai ba.

A nan ne ake asarar rai, domin iyali kan ɗauka barcin gajiya ne. A zauna kusa da mai barcin, a dubi ƙirjinsa, a ƙirga numfashinsa na cikakken minti ɗaya da agogon waya. Babban mutum yana yin 12 zuwa 20. Ƙasa da 12 abin lura ne sosai. Ƙasa da 8, ko a girgiza shi a kira sunansa ya kasa farkawa, ko minsharinsa ya koma kakari mai yankewa, lamari ne na gaggawa. A ɗaga fatar idonsa: baƙin tsakiyar ido yakan tsuke ya zama ɗan ɗigo. A baƙar fata ba a cika ganin canjin launi a fuska ba, sai a duba dasashi da cikin leɓe, idan sun yi toka-toka iska ba ta isa. A kwantar da shi ta gefe, a kira 112 ko 767, lambobin agajin gaggawa na Jihar Legas. Kada a ɗura masa madara, manja ko ruwan gishiri, domin wanda ba ya hayyacinsa huhu abin zai tafi. Allurar naloksan tana farfaɗo da numfashi, amma aikinta yakan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, alhali maganin da aka sha yana nan a jiki. Wanda ya farfaɗo bai kamata a mayar da shi gida nan take ba. Tiramadol yana da ƙarin haɗarin jijjiga irin ta farfaɗiya, musamman idan aka wuce 400, kuma naloksan ba ta hana wannan.

Idan maganin ya ragu a jini: “maleriyar” da ba ta warkewa

Wannan shi ne dalilin da aka fi kuskurewa. Jikin da ya dogara da ofiyoyid mai gajeren aiki yakan fara nuna alamun rashi awa 8 zuwa 24 bayan sha na ƙarshe. Mutum ya sha na ƙarshe da la'asar, ya kwanta, kafin kiran sallar asuba adadin da ke jininsa ya faɗi. Sai ya tashi da ciwon gaɓoɓi, hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina, tsigar jiki na tashi, zufa da jin sanyi a lokaci ɗaya, ciki na murɗawa, ƙafafu sun ƙi zama wuri ɗaya. Duk wanda ya ji haka a Legas maleriya zai fara kawowa a ransa. Ya je kemis a ba shi maganin zazzaɓi, ya haɗa da ƙwayar tasa “don ciwon jiki”, cikin awa ɗaya ya ji garau, ya yi zaton maganin maleriyar ne ya yi aiki. Gobe da asuba abin ya dawo, sai a ce taifod ce.

Bambancin yana nan ga mai lura. A rashin magani baƙin ido yana buɗewa, hamma da majina sun fi yawa, ma'aunin zafi sau da yawa ba ya nuna zazzaɓi na gaske, kuma alamun suna bin agogon shan maganin. Gwajin maleriya na ɗigon jini a yatsa yana ba da sakamako cikin kusan minti 15 zuwa 20, shi ya kamata ya raba gardama kafin a sayi magani karo na uku.

Idan aka daina gaba ɗaya, alamun sukan tsananta a kwana na biyu zuwa na uku, su sassauta cikin kwana 4 zuwa 10, amma kasala, rashin barci da ƙuncin rai suna iya jan makonni. Tiramadol yana taɓa sinadaran da magungunan ciwon damuwa ke taɓawa, don haka barinsa kwatsam kan zo da ƙarin abubuwa: fargaba, jin kamar lantarki a jiki, ruɗewa, wani lokaci har gane-gane.

Abubuwa uku na jawo wannan yanayi ba tare da mutum ya yi niyyar ragewa ba. Maganin tarin fuka mai rifamfisin, da karbamazefin na farfaɗiya, suna sa hanta ta ƙone tiramadol da sauri. Allurar penta ga wanda ke kan mofin kullum tana iya ture mofin ɗin ta jefa shi cikin alamun rashi nan take, don haka wajibi ne a gaya wa ma'aikacin jinya abin da ake sha kafin a yi allura. Sai azumi: wanda ya saba sha duk bayan awa shida zai ji jiki da la'asar, kuma gyaran jadawalin aikin likita ne tun kafin watan ya kama, ba a haɗa na yini duka a shanye da sahur ba.

Illar watanni: sinadaran da ke ba jiki kuzari

Shan ofiyoyid na dogon lokaci yana rage saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa gaɓoɓin da ke samar da wasu muhimman sinadarai. Na farko shi ne testosteron, wato sinadarin mazantaka. Idan ya yi ƙasa, namiji yakan ji kasala mai ɗorewa, sha'awa ta ragu, gaba ya yi rauni, tsoka ta zube, rai ya riƙa ɓaci ba dalili, a tsawon shekaru kuma ƙashi ya yi laushi. A mace al'ada takan rikice ko ta ɗauke, ɗaukar ciki ya yi wuya. Wani nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya tattara bincike da dama, ya sami wannan matsala a kusan kashi 63 cikin 100 na waɗanda aka auna, kusan dukkansu maza. Wannan ya shafi masu shan tiramadol don jinkirta inzali kai tsaye: abin da ake nema a daren farko shi ne ke raguwa bayan watanni, sai a ƙara adadi ko a koma maganin maza na kan titi, matsalar kuma tana nan.

Na biyu shi ne kotizol, wanda wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda ke samarwa. Shi ke riƙe bugun jini da sukari, ya taimaki jiki ya jure rashin lafiya. Nazarin nan ya sami ƙarancinsa a kusan kashi 15 cikin 100. Alamunsa su ne gajiya mai tsanani, jiri idan an miƙe tsaye, tashin zuciya, rashin cin abinci da rama. Haɗarinsa shi ne idan zazzaɓi mai zafi, gudawa ko tiyata suka zo, jini na iya faɗuwa ƙasa warwas.

Duka biyun da gwajin jinin safe ake gano su, wajen ƙarfe 8 zuwa 9, domin a lokacin suke kan ganiyarsu. Jinin da aka ɗiba da rana tsaka zai iya ba da sakamakon da zai ruɗar. Sau da yawa rage maganin ko barinsa yana dawo da su daidai. Abin da bai dace ba shi ne a sayi deksametason ko furedinisolon a kemis don “ƙara ƙarfi”: za a ji daɗi na 'yan kwanaki, amma su ma suna ƙara kashe aikin waɗannan gaɓoɓin na saman ƙoda.

Barci, hanji da sauransu

Ofiyoyid yana kawo gyangyaɗi amma yana rage barci mai nauyi, wanda shi ne ke wartsakar da jiki. Yana kuma sa numfashi ya riƙa tsayawa na daƙiƙoƙi cikin dare ba tare da mai shi ya sani ba. Mutum ya yi awa takwas a kwance ya tashi da ciwon kai da bushewar baki. Wanda ke kwana kusa da shi ne zai iya ba da labarin yankewar numfashin. Ƙara maganin barci a kan wannan yana ƙara haɗari ne, lemon ƙara kuzari mai yawan sinadarin kafeyin kuma yana ɓata barcin dare mai zuwa.

Taurin bahaya shi ne illar da jiki ba ya sabawa da ita komai daɗewa. Kwana uku ko huɗu ba a zaga ba, ciki ya kumbura, abinci ya fita rai, ƙarfi ya ragu. Shi ya sa likitoci ke haɗa mofin da maganin motsa hanji irin su sena ko laktulos tun ranar farko. Ganye da ruwa suna taimakawa, amma su kaɗai ba sa isa.

Tiramadol yana iya saukar da sukarin jini, abin lura ga mai ciwon sukari da ke shan magani. Yana iya rage gishirin jini, musamman ga tsofaffi, ya kawo ruɗewa. Idan aka haɗa shi da magungunan ciwon damuwa irin su amitiriftilin ko fuluwoksetin, zufa, karkarwa, bugun zuciya da zafin jiki na iya tasowa cikin awoyi, wannan kuma na asibiti ne a take. Magungunan da suka haɗa kodin da farasitamol suna da nasu tarko: mai bin kodin ɗin yakan wuce giram 4 na farasitamol a yini, hanta ta lalace a hankali.

Ba kowace gajiya ce daga maganin take ba. Ƙarancin jini ga mai sikila, maleriya ta gaske, ciwon hanta nau'in B ko C, tarin fuka, cutar HIV, ciwon sukari da ciwon damuwa duk suna kawo ta, kuma maganin kashe zafi yana iya rufe alamunsu. Gwajin farko da ya dace ya ƙunshi yawan jini, maleriya, sukari, gishirin jini, aikin ƙoda da na hanta.

Inda masana suka saɓa

Wani ɓangare na likitoci yana ganin cewa ga ciwon baya ko na gaɓoɓi da ya daɗe, amfanin ofiyoyid kaɗan ne idan aka kwatanta da illarsa, har ma yakan sa jiki ya ƙara jin zafi, don haka kasala alama ce ta lokacin ragewa ya yi. Ɗaya ɓangaren, musamman masu kula da masu ciwon daji da sikila, yana nuna cewa zafin da ba a kashe ba shi ma yana hana barci ya ƙarar da mutum, kuma sau da yawa sauya wani nau'in maganin ko gyara adadi ya fi cire shi. Abin da ya faru a Amurka ya nuna kowane ɓangare yana da hujja. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta fitar da ƙa'idojin taƙaita rubuta ofiyoyid a 2016, wasu likitoci suka riƙa yanke wa majinyata magani da gaggawa, har hukumar kula da magunguna ta yi gargaɗi a 2019 kan illar dainawa kwatsam, aka kuma sabunta ƙa'idojin a 2022 da sassauci.

A Najeriya saɓanin ya ɗauki wata fuska. Hukumar NDLEA da NAFDAC suna kallon yawan ƙwayoyin da ba su da rajista, kuma tsaurara tsaro yana rage samuwarsu. Amma ga talaka tasirin biyu ne: wanda ya riga ya dogara, idan kaya suka yi tsada ko suka ɓace, ko dai ya faɗa alamun rashi ba shiri, ko ya koma wata ƙwayar da bai san ƙarfinta ba. Mai sikila kuma da ya zo asibiti cikin zafi yakan gamu da kallon tuhuma.

Yadda ake ragewa

Wanda ya sha kullum fiye da 'yan makonni ba ya dainawa rana ɗaya. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce rage kusan kashi 10 cikin 100 na adadin a kowane mataki: mako-mako ga wanda bai daɗe ba, wata-wata ga wanda ya shekara ko fiye. Mai shan 400 na tiramadol, alal misali, likita kan sauke shi zuwa 350, a tsaya har jiki ya daidaita, sannan a sake saukowa, kuma matakan ƙarshe su ne ke buƙatar haƙuri fiye da na farko. Wanda ke kan ƙwayar titi ba shi da adadin da zai yi lissafi a kansa, don haka matakin farko shi ne likita ya mayar da shi kan magani mai rajista wanda aka san nauyinsa. Idan akwai diyazefam ko Rohypnol a ciki, ba a yanke su kwatsam, domin barinsu na iya kawo jijjiga. Mai juna biyu kada ta rage da kanta.

A Legas, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba yana kula da masu matsalar shan ƙwaya, asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja kuma suna da likitocin ƙwaƙwalwa da na cututtukan sinadaran jiki. Bayan mako ɗaya ko biyu ba a sha ba, sabon da jiki ya yi yakan zube, don haka wanda ya fito daga asibiti ko daga tsare ya koma kan tsohon adadinsa yana iya daina numfashi da abin da a da bai ko sa shi gyangyaɗi ba. Iyalinsa su san wannan tun kafin ya dawo gida.